Birni da Zango a Cikin Hanjin Ɗan Adam



Akwai tambayar da ta sha zuwa mana daga iyaye mata, wani lokaci a rubuce, wani lokaci baki da baki bayan an tashi taro, kuma kusan kullum da lafazi ɗaya take zuwa: wane magani ne zai wanke cikin yaro tas, ya fitar da ƙwayoyin da ke ciki gaba ɗaya? Mai tambayar takan kasance ta riga ta yi iya ƙoƙarinta. Ta sayi Flagyl wurin mai tallar magani, ta jiƙa sassaƙe, ta hana yaron cin wannan da wancan, amma cikin bai daina ɓaci ba, yaron kuma bai daina rama ba. Amsarmu tana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri da mu, domin dole ne mu fara gyara tambayar kafin mu amsa ta. Cikin da babu ƙwayoyi ko kaɗan ba lafiyayyen ciki ba ne, kuma ita kanta garkuwar jiki ba abin da take nema ba ke nan.

A shekarar 2016 masana sun sake ƙiyasta yawan ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin baligi, suka samu kimanin tiriliyan 38, wato miliyar dubu 38, kuma mafi yawansu a babban hanji suke. In da za a tara su a ɗora bisa ma'auni, da nauyinsu ya kai wajen giram 200. Abin da ya raba wannan taro da jininmu shi ne wata shimfiɗa guda ta ƙwayoyin jiki, waɗanda masana ke kira sel, jere ɗaya tak, wadda ba ta kai kaurin takardar da kuke karantawa ba. Faɗinta ya kai murabba'in mita 30, kuma jiki yana sabunta ta cikin kwana 3 zuwa 5. Mai hankali zai tambaya: yaya aka yi mutum yake shekara saba'in da irin wannan maƙwabtaka ba tare da cikinsa ya kama da wuta ba?

Wanda ya san Damagaram ya san cewa a zamanin ayari garin biyu ne. Ga Birni cikin ganuwa, inda fadar Sarki take, ga kuma Zango a waje, inda fatake ke sauka da raƙumansu. Birni na cin moriyar Zango, Zango na cin moriyar Birni, amma kowa ya san iyakarsa, kuma akwai masu tsaron ƙofa. To, haka hanji yake. Bakteriya su ne mutanen Zango: suna narka mana abin da ba mu iya narkarwa, suna samar da wasu sinadaran bitamin, suna kuma cika wuri yadda miyagun ƙwayoyi ba za su samu masauki ba. Maganarmu ta yau a kan masu tsaron ƙofar take.

Garkuwar jiki iri biyu ce. Akwai wadda take koyo, tana riƙe kamannin cutar da ta taɓa gani, kuma da ita allurar rigakafi take aiki. Akwai kuma wadda aka haife mu da ita, wadda ba ta jiran darasi. Wannan ta biyun tana da wasu ƙananan sinadarai da ke zaune a fatar sel ko a cikinsa, aikinsu jin alamun baƙo. Ba su san sunan kowace ƙwaya ba, kamar yadda mai gadi ba ya buƙatar sanin sunan mutum kafin ya gane daga shigarsa da harshensa cewa ba ɗan gari ba ne. Ɗaya daga cikinsu, mai suna TLR4, yana jin wani maiƙo da ke jikin rigar bakteriya da yawa, wanda ake kira LPS. Wani, TLR5, yana jin sinadarin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. Wani kuma, NOD2, yana can cikin sel yana jiran gutsuren bangon ƙwaya da ya faɗo ciki. Ɗan Adam yana da irin TLR guda 10, ban da dangin NOD.

Tarihin gano su ya fara ne daga ƙaramin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro. Wata masaniya Bajamushiya, Christiane Nüsslein-Volhard, ita da abokan aikinta suka bayyana wata ƙwayar gado a 1985 wadda ke tsara cikin ƙuda da bayansa tun yana ƙwai, suka sa mata suna Toll, kalmar da Jamusawa ke faɗa idan abu ya ba su mamaki. A 1996, a birnin Strasbourg na Faransa, Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka lura cewa ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace, fumfuna na cinye shi da ransa. A 1997 Ruslan Medzhitov da Charles Janeway suka nuna cewa mutum ma yana da irinsa, a 1998 kuma Bruce Beutler, a Dallas ta Amurka, ya tabbatar cewa TLR4 ne mai jin LPS. Hoffmann da Beutler sun samu kyautar Nobel a 2011 saboda wannan aiki.

Sai dai ganowar ta zo da wani ƙulli. Alamun da masu gadin ke ji, ba miyagun ƙwayoyi kaɗai ke ɗauke da su ba. Ƙwayar da ke taimaka mana narkar da wake tana iya sanye da riga iri ɗaya da wadda ke kawo zazzaɓin taifot. Shi ya sa da farko masana da yawa suka ɗauka cewa a cikin hanji dole masu gadin su kasance a toshe, kuma duk lokacin da suka ji motsin mutanen Zango, kumburi ne zai biyo baya.

A 2004 wani gwaji da aka yi a jami'ar Yale, a ɗakin binciken Medzhitov, ya birkita wannan zato. An ɗauki ɓerayen da aka kurumtar da masu gadinsu, aka ba su wani sinadari mai ƙuje bangon hanji. An yi tsammanin za su fi sauran sauƙi, tun da ba su da abin tayar da kumburi. Sai ga shi su ne suka yi ta zubar da jini suna mutuwa, alhali ɓerayen da ke da cikakken ji sun warke. Aka sake ɗaukar lafiyayyun ɓeraye, aka share musu ƙwayoyin hanji da magungunan antibiyotik, aka ba su wannan sinadari: su ma suka mutu. Amma da aka zuba wa irinsu ɗan LPS a ruwan sha, wato ƙanshin baƙo kawai ba tare da baƙon ba, sai suka tsira. Ma'ana, hayaniyar Zango ta yau da kullum ita ce ke tuna wa Birni ya riƙa yaɓen ganuwarsa. Idan shiru ya yi yawa, magina sai su kwanta barci.

Daga baya aka ƙara fahimtar yadda wannan yaɓe yake. A 2008 masana a Gotenbag ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa majinar da ke lulluɓe babban hanji hawa biyu ce: ta sama sako-sako ce, ƙwayoyi na zaune a ciki suna ci, ta ƙasa kuwa mai kauri ce, kusan babu ƙwaya a cikinta. A ƙaramin hanji, inda majinar ba ta da wannan kauri, dabarar daban ce. Lora Hooper da ɗalibanta sun nuna a 2011 cewa da zarar masu gadi sun ji ƙwayoyi sun matso, sai bangon ya fesa wani sinadari mai kashe su, wanda ke share fili tsakanin bango da taron bakteriya. Faɗin filin kashi 1 cikin 20 ne na milimita, kamar kaurin siririn gashin kai. Ɓeran da ba ya iya yin wannan sinadari, ƙwayoyi na zuwa su manne masa a bango, garkuwarsa kuma ta zauna kullum cikin shirin yaƙi. Akwai ma wata hikima a wurin da aka ajiye wasu masu gadin: TLR5 na bangon babban hanji ya fi zama ta bayan bango, ɓangaren da ke kallon jini. Mai wutsiya yana iya kaiwa da komowa a Zango ba a ce masa uffan ba, amma ranar da ya tsallaka, nan take za a buga gangar yaƙi.

Abin da ya fito da wannan magana daga ɗakin ɓeraye zuwa gadon asibiti shi ne wata cuta da wani likitan New York, Burrill Crohn, shi da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, wadda har yau ake kira da sunansa. Kumburin hanji ne mai daɗewa, yana zuwa da ciwon ciki da gudawa da rama, ya lafa ya dawo, wani lokaci ya ƙuntata hanji ko ya huda shi. A 2001 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Paris ƙarƙashin Jean-Pierre Hugot da Gilles Thomas, ɗaya a Amurka, suka gano a lokaci guda cewa masu wannan cuta da yawa sun gaji naƙasasshen NOD2. Wanda ya gaji naƙasar daga iyaye ɗaya, hatsarinsa na ninkawa sau 2 zuwa 4. Wanda ya gaje ta daga uwa da uba, ninkin yana iya kaiwa 20 ko fiye. Abin lura a nan shi ne naƙasar rage ji take yi, amma sakamakonta yawan kumburi ne. Mai gadin ƙofa ya kurumce, baƙi sun kutsa cikin bango, sai rundunar cikin gari ta fito da dukan ƙarfinta, ta yi ɓarnar da ta fi ta baƙin.

Kada mai karatu ya tsorata da batun gado. Mafi yawan masu ɗauke da wannan naƙasa ba sa kamuwa da cutar har ƙarshen rayuwarsu, kuma manyan nau'o'inta guda 3 da aka sani a Turai ba su cika samuwa ga mutanen Afirka ta kudu da Sahara ba. Mun kawo ta ne domin darasin da ke cikinta.

Akwai kuma wani tuntuɓe da masana suka yi wanda muke ganin ya fi kowane sakamako amfani ga iyali. Shekaru da dama ana ta buga rahotanni cewa ɓeran da ya rasa mai gadi kaza, ƙwayoyin cikinsa sun bambanta da na sauran ɓeraye, ana cewa rashin mai gadin ne sanadi. A 2012 ɗakin binciken Eric Pamer a New York ya sake gwajin da ɓerayen da uwa ɗaya ta haifa, suka sha nono ɗaya, suka tashi a keji ɗaya, wasu da mai gadin wasu babu. Sai mafi yawan bambancin ya ɓace. Ashe abin da ake gani tun farko gadon gida ne: kowane dangin ɓera yana miƙa wa ƴaƴansa ƙwayoyin da ya daɗe da su. Masu gadi suna tsare iyaka, suna hana cunkoso a bakin bango, amma su waye za su sauka a Zango, wannan ya fi rataya a kan uwa, da abinci, da muhallin da yaro ya tashi. Wato a hannunmu yake.

Mu fara da nono. Jaririn da aka haifa bakwaini yana zuwa duniya da TLR4 mai yawa a hanjinsa, mai saurin firgita. Idan ƙwayoyi suka fara shiga, sai ya tayar da kumburin da ke iya ruɓar da hanjin cikin ƴan kwanaki, cutar da ke cikin manyan masu kashe bakwaini a asibitocin duniya. Binciken likita David Hackam da wasunsa ya nuna cewa ɓerayen da ba su da TLR4 ba su cika kamuwa da ita ba, kuma nonon uwa yana ɗauke da sinadaran da ke kwantar wa wannan mai gadi hankali. Tun kafin a san dalili, likitoci sun lura cewa bakwainin da ke shan nonon uwa ya fi mai shan madarar gwangwani tsira daga wannan cuta. A cikin nono har da wani irin sukari da jariri ba ya iya narkarwa, wanda abinci ne na musamman ga wasu ƙwayoyi nagari masu suna Bifidobakteriya. Uwa na ciyar da ɗanta, tana kuma zaɓa masa maƙwabta. Saboda haka duk gidan da har yanzu ake matse dakashi a zubar, ana ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo kafin ya cika wata 6, to a sani cewa ana buɗe ƙofar gari ne tun ba a gama ginin ganuwa ba.

Matsalar da ta fi yawa a ƙasashenmu ita ce ta mai gadin da ba a bari ya huta ba. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida inda kaji da awaki ke kashi, yana kai ƙasa baki, yana shan ruwan da ba a tsare ba, yana haɗiyar miyagun ƙwayoyi kullum. Ba lallai ne ya yi gudawa ba. Amma hanjinsa na zama cikin ƙaramin kumburi marar yankewa, ƴan yatsun bangon da ke tsotsar abinci su gajarce, bangon ya riƙa yoyo. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, wani bincike da aka buga a 1991 ya danganta fiye da kashi 40 cikin 100 na tsayawar girman jarirai da wannan lalacewar bango, wani kuma na 2003 ya samu LPS a cikin jinin irin waɗannan yara, inda bai kamata a same shi ba. Jikin da ke yaƙi dare da rana, abincin da zai gina ƙashi da tsoka sai ya tafi ga ciyar da mayaƙa. Wannan shi ne yaron da uwa ke cewa yana ci amma ba ya ci gaba, kuma shi ne aka fi ɗura wa maganin wanke ciki, alhali shimfiɗa mai tsabta da killace dabbobi da wanke hannu da sabulu sun fi kusa da maganin damuwarsa.

Sai batun tuwo. A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta kashin yara 14 na ƙauyen Boulpon a maƙwabciyarmu Burkina Faso da na yara 15 na birnin Florence. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, suna da tarin ƙwayoyin da ke iya narka dusa da zaren ganye, kuma cikinsu ya fi yawan wasu sinadarai masu tsami, irin su butirat, wanda shi ne babban abincin bangon babban hanji. Dangin ƙwayoyin da ke kawo atini kuwa sun fi ƙaranci a wurinsu. A 2016 wani gwaji ya nuna ɗaya gefen: an zuba wa ɓeraye nau'i 14 na ƙwayoyin hanjin mutum, aka hana su abinci mai zare. Da yunwa ta kama ƙwayoyin, sai suka juya suna cin majinar bango har ta yi siriri, kuma da aka kawo muguwar ƙwaya, nan da nan ta isa bango. Baƙon da ba a ba abinci ba, zanar gida yake ci. Mu da ke birane, muna ƙara komawa ga farar shinkafa da burodi da makaroni da lemon kwalba, muna surfe gero har ya yi fari fat mu ba tumaki dusar, ya kamata mu san cewa wake da kwaɗon zogale da miyar kuka da kuɓewa da rama ba abincin rashi ba ne.

Yanzu sai mu koma ga uwar da ta sayi Flagyl. A 2008 ɗakin binciken Pamer ya nuna cewa idan aka ba ɓera antibiyotik mai share ƙwayoyi barkatai, masu gadi na daina jin motsi, bango ya rage fesa sinadarinsa na kariya, sai wata ƙwaya mai taurin kai da ba ta jin magani ta mamaye wurin. Mu ba maƙiyan antibiyotik ba ne, kuma ƙasar Nijar shaida ce a kan amfaninsa. A wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2018, an riƙa ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 azitromisin sau 2 a shekara a jihar Doso, mutuwar yara ta ragu da kimanin kashi 18 cikin 100. Da aka duba kashin yaran, an ga wasu miyagun ƙwayoyi na dangin Kampilobakta sun ragu, amma an ga alamun bijire wa maganin sun ƙaru. Ko da likitoci ne suka tsara, suka auna, suka sa ido, magani ya bar tabonsa a Zango. To ina ga ƙwayar da ta kwana a rana cikin tiren mai talla, aka sha biyu aka bari? Galibin gudawar ruwa ta ƙananan yara ba ta buƙatar antibiyotik ko kaɗan. Abin da take buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda ma'aikatan lafiya ke kira SRO, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da ba da nono da abinci.

Inda ba a jira shi ne idan an ga jini a bayan gida, ko gudawa ta kai mako 2, ko zazzaɓi da rama sun haɗu da ciwon ciki mai tafiya yana dawowa. Nan sai asibiti, kuma a yi haƙuri da gwaje-gwajen da likita zai nema, domin atinin amiba da tarin fuka na hanji da cutar Crohn suna kama da juna ƙwarai, har a idon ƙwararre. Maganin Crohn danne garkuwa yake yi. Idan aka ba da shi ga mai tarin fuka na hanji, an kwance wa cutar mari ne ta bazu cikin jiki.